Kyarkeci, Kare da Dilan Sahel

Karen da ke gadin gidajen Maitama, da wanda ke bin maharba cikin dazukan Bwari da Abaji, dukansu zuriyar kyarkeci ne, domin malaman ilimin halitta sun tabbatar cewa ɗan Adam ya janyo wani jinsin kyarkeci jikinsa tun fiye da shekara 15,000 da suka shige, kafin ya mallaki akuya ko saniya, har dabbar ta sake ɗabi'a ta zama mai biyayya. Kusancin bai yanke ba, don har yau kare da kyarkeci suna iya barbarar juna su haihu.

Abin da ya fi dacewa mu lura da shi yana kusa da gida. A shekarar 2015 binciken ƙwayoyin gado ya bayyana cewa dilan nan mai ruwan zinariya, wanda ke yawo a Sahel daga Senegal har ƙasar Maradi, ya fi kusanci da kyarkeci bisa ga dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su.

Hikimar Ubangiji cikin halittar waɗannan dabbobi a fili take. Dila yana cin ɓeraye da fara da mushe, wato yana yi wa manomi hidima ba lada, ko da yake makiyayi na kuka da shi saboda 'yan awaki, kuma kukansa gaskiya ne. Kyarkeci ma yana da nasa amfani: a Amurka, bayan an mayar da kyarketai gandun Yellowstone a 1995, barewar da ta yi yawa ta ragu, itatuwan bakin wasu rafuka suka farfaɗo. Saboda haka, lalle ya wajaba hukumomin Abuja su bar wa namun daji wani yanki yayin da gine-gine ke cinye kurmi.