Idan Tura Bidiyo Ya Tsaya Tsakanin Salula Biyu

Wani lokaci ana tura maka bidiyo ta Bluetooth ko Xender, sai aikin ya tsaya a rabi. Kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen intanet, domin salulolin biyu suna haɗuwa ne kai tsaye.

Ga abin da za ka duba:

1. Nisa. Bluetooth ya fi aiki a cikin mita 10, kuma bango yana rage ƙarfinsa. Ku matso kusa.
2. Wuri. Idan salularka ta cika, share abin da ba ka buƙata.
3. Batir. Idan ya yi ƙasa, salula takan dakatar da aiki. Saka caji.

Daga nan ku sake haɗawa. Kada mai turawa ya share nasa sai ka buɗe naka, ka tabbata ya iso cikakke.