Siffanta Gida a Matsayin Hanyar Cusa Tsoro a Waƙa

Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna nufin mu nuna cewa siffanta gida, wanda akan ɗauka ado ne kurum, yana daga manyan dabarun da mawaƙi ke bi ya sa gaban mai sauraro ya faɗi, ko da bai ambaci aljani ko fatalwa ba.

Kango da Kufai

A wurin Bahaushe gida shi ne mutanen cikinsa. Ana gane rayuwarsa da hayaƙin murhu, da amon turmi, da sallama a zaure. Saboda haka in mawaƙi ya kawo murhu ya ce ya yi sanyi, ko azara ya ce gara ta cinye ta, ko soro ya ce jemagu sun gaje shi, to, mutuwar masu gida ya faɗa a sakaye. Mai sauraro shi zai tambayi kansa inda suka tafi, kuma daga wannan tambaya tsoro ke shiga. In aka ƙara da jinsintarwa, ƙofa ta yi nishi, indararo ya yi hawaye, sai gidan ya zama shi kaɗai ne mai rai a wurin.

Wannan salo daɗaɗɗe ne. Imru'ul Ƙaisi ya buɗe Mu'allaƙarsa da kuka a kan kufai, sai dai begen masoyiya ya fi rinjaye a can. Mawaƙanmu na wa'azi kuwa sukan juya hoton: kabari ne gidan, ƙuntatacce, mai duhu, ba ƙofa, ba maƙwabcin da zai amsa kira. Manufarsu a tuba.

Kudancin Kano

Hoton ba ya aiki sai mai sauraro ya san abin da aka siffanta. Mutanen Bebeji da Tudun Wada da kewayensu sun san shi, domin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta ta da ƙauyuka daga mazauninsu. Ga wanda ruwa ya shafe gidan kakanninsa, kalmar kufai ba ƙawa ba ce. Haka kuma mutumin Doguwa da ya saba da dajin Falgore ba ya bukatar a fassara masa kukan mujiya da almuru.

Kammalawa

Muna ganin wajibi ne manazarta su shiga Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su naɗi waƙoƙin baka daga dattawan da suka ga wancan tashi, tun suna raye. In sun ƙaura, da su za a binne abin da suka rera.