Alƙali da Lauya a Cikin Ƙagaggun Labarai

Tun kafin littattafan shari'a na Turawa su iso ƙasar Hausa, Bahaushe ya san daɗin labarin shari'a. A gari irin Kongolam, da ke bakin iyakar ƙasar Daura da Jamhuriyar Nijar, inda fatake da masu dabbobi ke cuɗanya, gardamar bashi da ta ajiya ba baƙuwa ba ce, kuma irin waɗannan gardandami su ne tushen yawancin hikayoyin alƙalai da ake bayarwa a dandali.

Dalilin farin jinin irin wannan labari shi ne, mai sauraro ba ɗan kallo ba ne kawai. Da zarar mai ƙara ya gama bayani, wanda ake ƙara ya musa, shi ma ya fara auna maganganu a zuci, yana neman ya riga alƙali gano maƙaryaci.

Sai dai akwai bambanci. A Amurka, tun daga Perry Mason, wanda Erle Stanley Gardner ya ƙago a 1933, har zuwa littattafan John Grisham da suka fara fitowa a 1989, lauya shi ne jarumi. A wajen Hausawa kuwa alƙali ne. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a zamanin En'e lauya ba ya tsayawa a gaban alƙali. Kowa da bakinsa yake kare kansa. Ƙa'idar kuma sananniya ce: mai da'awa ya kawo shaidu, wanda ya musa ya rantse. To, idan babu shaida, maƙaryaci kuma bai ji tsoron rantsuwa ba fa? A nan ne labari ke yin armashi, don kuwa ba abin da ya rage wa mai gaskiya sai basirar alƙali, wanda zai yi tambayar da ba a zata ba, har mai laifi ya tona kansa da bakinsa.

Marubuta ba su yi watsi da wannan gado ba. A wasan Uwar Gulma na Muhammadu Sada, rikicin auren Halima da Hayatu sai da ya kai gaban alƙali. Shahararren wasan talabijin na Kano kuwa, Kuliya Manta Sabo, kirarin alƙali ya ɗauka ya mai da shi suna, wato wanda in ya zauna bisa buzunsa ba ya sanin aboki ko ɗan'uwa.