Hatsi da kara duk sukari ne: to me ya sa akuya ke cin kara, mu ba mu iyawa?

Idan kaka ta yi a Arewa, tun daga Matankari har Tibiri, dammunan hatsi su shiga rumbu, kara kuma a tara shi saboda bisashe da darni. Mu mun ɗauke su abu biyu daban. Masana kimiyya kuwa sun gano cewa garin da ke cikin ƙwayar hatsi da zaren da ke cikin kara, da tubali iri ɗaya aka gina su: wani sukari da ake kira gulukos, wanda ganye ke haɗawa daga ruwa da iska da hasken rana.

Shuka ba ta ajiye sukarin nan a warwatse. Tana jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar ƴaƴan carbi, ɗaruruwa har dubbai. Wannan dogon jeri shi ne ƴan lakwal ke kira polisakarid. Bambancin duka yana ga yadda aka ƙulla carbin.

Ƙulli na farko shi ne sitaci, wato rumbun shuka. Jerinsa yana naɗewa, wani kuma ya yi rassa, shi ya sa warware shi ba wuya. Fiye da rabin nauyin ƙwayar hatsi sitaci ne, haka rogo da dankalin fadamun Dallol Mawri cike suke da shi. Yawunmu yana da sinadarin amilaz mai yanka wannan ƙulli. Ku tauna lomar tuwo babu miya, ku daɗe, za ku ji ɗan zaƙi ya fara fitowa.

Ƙulli na biyu shi ne selulos, wanda wani Bafaranshe, Anselme Payen, ya bayyana a 1838. A nan kowane ɗan carbi an kifa shi bisa na gabansa, sai jerin ya miƙe sambal, ya manne da ƴan uwansa kamar igiya. Shi ne ƙarfin kara, kuma auduga kusan duka shi ne. Cikin ɗan Adam bai da abin da zai yanka wannan ƙulli. Ita ma akuya, gaskiyar magana, ba ita ke yankawa ba. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, da ke zaune cikin tumbinta, suke ruɓar da karan, ita kuma ta yi tuƙa ta taya su. Gara ma da irin wannan taimako take cin azara.

Nan ne inda abin ya shafi aljihunmu. Ƴan uwa daga Yamai, Kwatano ko Legas suna aiko kuɗi a sayi ragon kiwo don layya. Mai kiwo yana son ya yi ƙiba da wuri, sai ya zuba mai hatsi ko sauran tuwo da shinkafar biki tashi ɗaya. Ƙwayoyin tumbin da suka saba da harawa sai su samu sitaci mai sauƙin ci, su maida shi tsami da gaggawa. Ragon ya daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo, wani cikin kwana ɗaya ko biyu ya faɗi. Haka ma idan dabba ta kutsa rumbu. Ƙarin hatsi ko dussa kaɗan-kaɗan ake yin sa, wajen mako biyu, kuma kada harawa ko ciyawa ta yanke. In alamun nan sun bayyana, a nemo likitan dabbobi tun ranar. Ita kuwa leda, babu ƙwayar tumbi da ke cin ta. Inda ta shiga nan take zaune.

Jikinmu ma yana da nasa rumbu, sunansa gilikojen, wanda Claude Bernard ya ware daga hanta a 1857. Hantar babban mutum tana ajiye kimanin giram 100, tsoka kuma wajen 400. Daga ajiyar hanta jini ke samun sukari tsakanin sahur da buɗa baki, amma ba ta kai mutum fiye da kamar kwana guda. Ɓawon farar da muke soyawa ma dangin nan ne, ana ce da shi kitin, haka ƙaro da yauƙin kuɓewa.

Kada a ce tunda ba mu narkar da selulos bai da amfani. Shi ke sa bayan gida ya zo da sauƙi, kuma yana rage saurin hawan sukari cikin jini. Don haka mai ciwon suga ya fi samun sauƙi da wake da zogale da hatsin da ba a surfe shi tas ba, a kan farar shinkafa da burodi.

Ga iyaye mata kuma: sitaci ne ke shan ruwa ya sa kunu kauri, sai a ƙara ruwa don yaro ya iya haɗiyewa, cikinsa ya cika da ruwa alhali abincin kaɗan ne. Hatsin da ya tsira yana ɗauke da amilaz mai yawa. A jiƙa hatsi, a bari ya tsira, a shanya, a niƙa. Idan an dama kunu mai kauri ya ɗan huce, a zuba ƙaramin cokali na garin tsiron a motsa. Cikin ƴan mintoci zai saki ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a sake tafasa shi kaɗan kafin a ba yaron da ya wuce wata 6.