Masai na zamani: yadda ake gyara tankin da ke yoyo ba tare da kiran mai gyara ba

A gidaje da yawa na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, masai mai jan ruwa ya maye gurbin salga. Sai dai idan tankinsa ya fara yoyo, ɓarnar ba ta fitowa fili sai ranar da takardar kuɗin ruwa ta iso. Tankin da ke sakin lita 25 a awa yana zubar da lita 600 a wuni, wato bido 24 irin na ƴan ga-ruwa. A wata, ruwan ya kai mita kubik 18. Da yake farashin ruwan famfo hawa-hawa ne, kuma mita kubik 10 na farko ne ke da rangwame, wannan yoyo kaɗai ya isa ya jefa magidanci a hawa mai tsada.

Kayan da ke cikin tankin ba su da yawa. Akwai bakin da ruwa ke shigowa, haɗe da wata roba mai yawo a saman ruwa, wadda ke rufe bakin idan tanki ya cika. A tsakiya akwai na'urar da ke sakin ruwa idan an danna maɓalli, a ƙasanta kuma da faifan roba mai toshe rami, wanda masu gyara ke kira juwan. Sai bututun da ke kwashe ruwan da ya wuce ƙa'ida ya zuba shi cikin masai. Yawancin matsaloli daga ɗaya cikin waɗannan suke.

Kafin a taɓa komai, a kwance maɓallin da ke kan murfi, a ɗaga murfin a hankali, a shimfiɗe shi a ƙasa, domin idan ya fashe samun irinsa shi kaɗai yana da wuya. Daga nan a duba inda ruwa ya tsaya.

Idan ruwa ya kai bakin bututun yana kwarara ciki, laifin robar da ke yawo ce. A ɗaga ta da hannu. In ruwa ya tsaya, saiti kawai take buƙata: a juya ɗan sukurun da ke jikinta har ruwa ya riƙa tsayawa kamar santimita 2 ƙasa da bakin bututun. In an ɗaga ta ruwa bai tsaya ba, ko an ji ta yi nauyi don ruwa ya shige ta, sai a canza ta.

Idan kuwa ruwa bai kai bakin bututun ba amma ana jin tanki yana ƙara cika da kansa, faifan robar ƙasa ne ba ya toshewa. Don a tabbatar, a ɗiga bular wanki kaɗan cikin tanki, a jira minti 15 ba tare da an danna ba. In launin ya bayyana cikin masai, akwai yoyo. Sai a rufe ɗan famfon da ke gefen tanki ta hanyar murɗa shi hannun dama, a danna ruwa ya fice, a kama na'urar tsakiya a juya ta kaɗan ta fita. Sau da yawa rairayi ne ko farin dattin ruwa ya maƙale a robar da wurin zamanta. A jiƙa ta cikin binegar na awa ɗaya, a goge da soso mai laushi. In ta bushe ko ta tsage, ana iya juya bayanta ta yi aiki na ɗan lokaci, amma maganin shi ne sabuwa. A tafi shagon kayan famfo da tsohuwar a hannu, saboda girmansu ba ɗaya ba ne.

Matsala ta uku ita ce tankin da ke cika a hankali ko ba ya cika sam. Wannan ya fi faruwa a unguwannin da ake yawan ɗauke ruwa, musamman lokacin zafi, domin idan ruwan ya dawo yakan zo da rairayi da tsatsa. A rufe famfon gefe, a kwance tiyon da ke shiga tanki, a ciro ɗan rariyar da ke bakinsa, a wanke, a mayar.

Wajen ɗaurewa a yi amfani da hannu. Notin roba ba ya son ƙarfin filaya, kuma tankin tangaran yana tsagewa idan aka matse shi da yawa. Haka nan kada a zuba jabel ko asid cikin tanki, don suna cinye robobin.

Bayan an gama, a rufe duk famfunan gida da dare, a rubuta lambar da ke kan na'urar ƙidayar ruwa, a sake dubawa da asuba. In lambar ba ta motsa ba, gyara ya yi. Amma idan tankin ya tsage, ko ruwa na fitowa daga gindin masai yana jiƙa ƙasa, ko ƙazanta na dawowa sama, wannan aikin mai gyaran famfo ne, kuma jinkiri yana ƙara kuɗin da za a kashe.