WA YA ZANA SURAR FIJO 504?

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, wanda ya saba zuwa gida Barno ganin dangi a shekarun 1970 da na 1980, ba sai an yi masa bayanin mota Peugeot 504 ba, wadda jama'a ke kira Fijo. Ita ce takan ɗauko shi daga Kano ko Jos, ta bi da shi ta Potiskum da Damaturu, ta sauke shi a Maiduguri da shi da kayansa. Idan kuwa mutumin Bama ne, ko Dikwa, ko Gamboru, wata Fijon ce dai za ta ƙarasa da shi gida. A Tashar Kano da Tashar Bama da Tashar Baga, ko yaro ƙarami yakan gane ta tun daga nesa, saboda fitilunta na gaba masu kama da idon mutum, da kuma bayanta da ya karye ya gangara ƙasa.

To, amma da za a tara direbobi da kanikawan da suka ci abinci a jikin wannan mota, a tambaye su wanda ya zana wannan sura, da wuya a sami mai amsa. Wani zai ce Faransawa ne, wani ya ce mutanen Kaduna ne. Kowannensu yana da ɗan rabon gaskiya, amma bakin zaren yana can ƙasar Italiya.

GIDAN MASU ZANE A TURIN

A birnin Turin na Italiya akwai wani kamfani mai suna Pininfarina, wanda sana'arsa ita ce tsara jikin mota. Battista Farina ne ya kafa shi a 1930. Tun yana yaro a gida ake kiransa Pinin, watau kamar Bahaushe ya ce Ƙarami. Laƙabin ya bi shi har girma, har a 1961 hukumar ƙasarsu ta yarda a haɗa shi da sunan gidan, ya zama Pininfarina. Ya rasu a 1966, ɗansa Sergio ya gaje shi.

Kamfanin Peugeot ya gwanance wajen inji da ƙarfe mai ƙwari, amma a kan kyan jiki sai ya nemi taimakon mutanen Turin. Motar farko da wannan hulɗa ta haifar ita ce 403 a 1955. Daga nan sai 404 a 1960, wadda ƙaramar motarta ta ɗaukar kaya ta yi suna a Arewa da a-kori-kura. Sai dai 404 ta yi kama ƙwarai da Austin Cambridge ta Ingila, domin gida ɗaya ne ya zana su. Saboda haka 504 tana bukatar fuskar da ba za a ɗauke ta a kan wata mota ba.

MUTUMIN DA BA A RUBUTA SUNANSA BA

Al'adar irin waɗannan kamfanoni a wancan zamani ita ce, sunan gida ake faɗi, ba a faɗin sunan ma'aikacin da ya riƙe fensir. Shi ya sa aka daɗe ana cewa Pininfarina ne ya zana 504, a tsaya nan. Sai daga baya masu bin tarihin motoci suka fito da sunan mutumin, watau Aldo Brovarone.

An haifi Brovarone a 1926 a wani ƙaramin gari mai suna Vigliano Biellese, a yankin masaƙu na arewacin Italiya. Shi ma ya ɗanɗana zaman baƙunta, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya tafi ci-rani ƙasar Ajantina. A can ya haɗu da wani ɗan ƙasarsu mai ƙera motoci, Piero Dusio, wanda ya ga zanensa ya jawo shi cikin sana'ar. Da ya komo gida a farkon shekarun 1950 sai ya kama aiki a Pininfarina, ya yi fiye da shekara 30 a wurin. Yana cikin waɗanda suka zana Dino, motar gudu ta gidan Ferrari da masu kuɗin duniya ke rububi a kanta. Watau hannun da ya zana wa attajiran Turai abin wasa, shi ne ya zana motar da ta yi ta jigilar fasinja da busasshen kifi daga Baga.

Amma ba shi kaɗai ba ne. Peugeot yana da nasa ofishin zane a kusa da birnin Paris, a ƙarƙashin Paul Bouvot, kuma akan sa ofishin nan gasa da mutanen Turin kafin shugabanni su zaɓi sura. Masu tarihin motoci a Faransa suna danganta gaban 504 da fitilun nan nata ga ofishin Bouvot, sauran jikin kuwa ga Brovarone. Fitilun ne Turawa suka riƙa kamanta su da idanun Sophia Loren, shahararriyar 'yar wasan sinima ta Italiya. Akwai kuma wata 504 mai ƙofa biyu da ta fito a 1969, wadda ba a cika ganinta a Nijeriya ba. Ita Franco Martinengo ne ya zana ta, shi ma a Pininfarina.

Aikin kuwa ba da kwamfuta aka yi shi ba. Sai an zana motar a takarda, a sake zana ta daidai girmanta, sa'an nan a sassaƙa siffarta da katako da farar ƙasa don a duba ta ta kowace kusurwa. Bayan haka maƙera su bubbuga ƙarfe da guduma har ya hau siffar. Mai gyaran jikin mota a Maiduguri, da zai ga wannan aiki, da ya gane cewa sana'arsu ɗaya.

DAGA FARANSA ZUWA KAKURI

An yi niyyar fito da motar tun da bazara, amma yajin aikin da ya game Faransa a watan Mayu na 1968 ya sa sai a watan Satumba aka nuna ta. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 kuma wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya da ita.

A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, zamanin Janar Yakubu Gowon. Ta jirgin sama ake kwaso kayan daga birnin Lyon zuwa Kano, daga nan a kai su Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta bi tafarkin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan ma'aikata. A shekarar ce kuma aka ƙirƙiro Jihar Barno daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, hedkwata tana nan Maiduguri. Nan da nan motar ta cika sakatariya, daga can ta gangaro tasha.

Abin da ya sa ta karɓi ƙasar Barno ba kyan fuska ba ne kaɗai. Cikinta yana da nisa da ƙasa, tayoyinta kuma suna da sararin hawa da sauka, don haka rami da rairayi ba su cika kayar da ita ba. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya a rufe take cikin bututun ƙarfe. Doguwar kuwa, wadda direbobin haya suka fi so, an ƙara mata tsawo, an ɗaga rufinta ta baya, an sa mata layin kujeru uku. Injinta kuma ba shi da wuyar sha'ani, bakanike yana iya sauke shi a gindin dogon yaro, ya mayar.

An daina ƙera ta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har fiye da shekara 20 bayan haka. Jimlar waɗanda aka ƙera a duniya ta haura miliyan 3. Yau dai ƙananan bas-bas da wasu motoci sun karɓe tashoshin Maiduguri, sai jefi-jefi ake ganin tsohuwar Fijo.

KURA DA SHAN BUGU

Aldo Brovarone ya rasu a watan Oktoba na 2020 yana da shekara 94. Ya yi sa'a, ya ga an mayar masa da sunansa tun yana da rai, domin an sami waɗanda suka tona takardu, suka tambayi tsofaffin ma'aikata.

Irin wannan sa'a ba ta samu masu sana'ar Barno da yawa ba. Mai karatu ya dubi hular da ke kansa, ko Zanna Bukar ce ko 'yar Bama. Ya san ɗan kasuwar da ya sayar masa a Agege ko a Sabon Badun, amma wanda ya zana ta, da wanda ya yi makonni yana ɗinka ta, babu mai ambatonsu. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka nan kanikawa da masu walda na Maiduguri, waɗanda suka ƙara wa Fijo ƙarfin baya, suka ɗora mata kariya a kan rufi, suka riƙe ta a kan hanya shekaru da dama bayan Turawa sun bar ta. Su ma suna da hannu a surar da matafiyi ya sani.

Da yawa daga cikinsu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wanda Allah ya kai shi gida hutun Salla, idan yana da uba ko kawu da ya yi tuƙi ko kanikanci a wancan zamani, ya kamata ya zauna da shi, ya tambaye shi wanda ya koya masa aiki, ya rubuta sunan ya ajiye.