Shanya kwanuka bayan wanke-wanke

'Yan uwana mata, a zamanmu na mako-mako mun iya lissafin abin da ya shiga akwati, amma ba kasafai muke lissafin abin da ke fitar da kuɗi daga hannunmu ba. Ni a gidana, abin da ya fi cinye ɗan abin da na tara shi ne ciwon cikin yara. Akwai daminar da autana ya yi gudawa har sau uku, a na ukun sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti. Rancen da na karɓa a ƙungiya don in ƙara jarin ƙosai a can ya ƙare, kuma na yi wata uku ina biya.

Bayan mun dawo gida, malamar asibiti mai zagaya gidaje ta leƙo mu. Ta tarar na gama wanke-wanke, ina goge kwanuka ina jerawa a kan tabarma. Ta karɓi tsumman hannuna ta shinshina, sannan ta miƙo mini ta ce, "Yaya, ke ma shinshina ki ji." Wallahi tsami yake yi. Ta ce, "To duk kwanon da kika goga wa wannan, kin mayar masa da abin da kika wanke." Ban ce tsumman nan kaɗai ne ya kwantar da yarona ba, domin ta yi mini magana a kan ruwan sha da wanke hannu ma. Amma tun ranar na gane cewa wanke-wanke bai ƙare ba sai kwano ya bushe a wuri mai tsabta.

Me ya sa tsumma ke da illa?

Ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa ido ba ya ganinsu. Abin da suka fi so shi ne danshi da ɗumi da ɗan ragowar abinci, kuma duk ukun suna cikin tsumman kicin. Da shi muke sauke tukunya, da shi muke goge hannu, wani lokacin ma gefen zanenmu ne, wanda muka goge wa yaro hanci da shi. Idan ya bi ta kan kwano goma, ya raba musu abin da ke jikinsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: gara a bar kwano da ruwansa ya bushe da kansa, da a goge shi da tsumma mai datti.

Haka ma jera kwanuka cikin juna alhali suna jiƙe. Ruwan da ya maƙale a tsakaninsu ba ya samun iska, shi ne ƙarnin da kike ji da safe idan kin buɗe su. Ajiye su a ƙasa kuma, kaji su taka, akuya ta lasa, yaro mai rarrafe ya ja, ƙuda ya taso daga bayan gida ya sauka. Iska da rana kuwa suna busar da kwano ba tare da hannu ya taɓa shi ba, kuma bushewa da zafin rana suna rage ƙwayoyin cutar da suka saura.

Yadda ake yin gadon kwanuka

Ba sai an sayi komai mai tsada ba. Nawa da kayan gida aka yi shi, kamar dai gadon kara:

1. Ki zaɓi wurin da rana ke samu, kusa da madafa, nesa da masai da turken dabbobi da juji.
2. A kafa gwafa 4 masu ƙarfi, tsayinsu ya kai ƙugunki, don kada akuya ko ƙaramin yaro su kai.
3. A gitta sanduna 2 a kan gwafannin, a jera gora ko sanduna ko kara mai kauri a kansu, a ɗaure da igiya. A bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsa, don ruwa ya zube, iska ta shiga ta ƙasa.
4. A haƙa ɗan rami a ƙarƙashinsa a cika da tsakuwa, don ruwan ya nutse, kada ya kwanta ya zama taɓo ya tara ƙudaje da sauro.

Wadda take da kwandon roba mai huji-huji, shi ma ya yi, in dai za a ɗora shi a sama, kuma a riƙa wanke shi. Gadon ma ana wanke shi ko sau ɗaya a mako, a canza karan da ya fara ruɓewa ko wanda gara ta ci.

Yadda ake jerawa

Da farko a wanke da sabulu, ko toka in babu sabulu, a ɗauraye da ruwa mai kyau. Shanya ba ta gyara kwanon da bai wanku ba. Sannan a kife kwanuka da kofuna da tukwane, kowanne a wurinsa, kada a ɗora wani a kan wani. Faranti da murfi a jingine su a tsaye. Cokula a sa su cikin ɗan kwando ko gwangwanin da aka huda gindinsa.

Kowane kaya da halinsa. Ƙwarya da ludayi da mara, in aka ajiye su da danshi, fumfuna suke yi. Akushi da muciya da maburgi suna tsagewa idan suka daɗe a rana mai zafi, kuma datti yana maƙalewa a tsagar, saboda haka da sun bushe a ɗauke su. Samira da langa suna tsatsa a inda fentinsu ya ɓare in ruwa ya kwana a ciki. Roba kuma yawan rana yana sa ta ƙeƙashe ta karye. Wato kula da shanya yana ƙara wa kayan ɗakinki kwana.

Da hunturu, lokacin ƙura, kada ki bar su wuni guda a waje. Iskar lokacin tana busar da su da wuri, sai ki kwashe. Da damina ki mayar da shanyar ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa. Kafin ki kwashe ki wanke hannunki da sabulu, ki ajiye su a kife a sama, ko cikin babban baho mai murfi. In kuwa baƙi sun yi sallama, dole sai kin goge, to ki ware tsumma ɗaya na wannan aikin kaɗai, wanda ake wankewa kullum a shanya a rana.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

A ƙungiyarmu mun mayar da shi aikin gayya. Kowane mako bayan zama, mu je gidan mutum ɗaya, ita ta tanadi itace da igiya, mu kuma mu kafa mata. Masu sana'ar abinci, irin su waina da awara da fura, su muka fara yi wa, domin kwanukansu mutane da yawa ke ci a ciki, kuma mai saye yana lura da inda aka ajiye kwano.

A zamanku na gaba, kowace ta faɗi inda take ajiye kwanukanta bayan wanke-wanke, da nawa ta kashe a maganin ciwon ciki a daminar bara. Sannan ku sa ranar da za ku kafa gado na farko, da gidan da za a fara. Idan kuma yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kai shi asibiti da wuri.